Ina Na Tsaya?

Ƙarfe shida a Abadin, gari bai waye ba.
Ƙanƙara na lasar gilashin taga,
tsuntsayen teku na ihu bisa rufin asibiti
kamar masu bin bashi.
Na ɗora jar riga a kan shuɗiya,
a gadon bayanta an rubuta da manyan baƙaƙe:
Ina rabon magani, kada a yi mini magana.
Rubutu a baya, masu kira a gaba.

Gado na huɗu, Fergus Rennie,
tsohon matuƙin jirgin kamun kifi.
Ƙwayar zuciya, fara, rabi ba guda ba.
Na buɗe kwalba. Rabi...
"Morven, makullin kabad na wurinki?"
Yana wurina. Ungo.
Rabi...
Waya ta ɗauki kuka, ɗakin gwajin jini ne,
suna neman lambar da na ba su jiya.
Rabi...
Wata ta kama mini gefen riga:
"Mahaifiyata ta ci wani abu da daddare?"
Idonta jawur, a kan kujera ta kwana.
Da wane baki zan ce mata karanta bayana?

Na dawo gun keken magani.
Ina na tsaya?
Tunani zare ne, in ya tsinke
ko an ƙulla, ƙullin yana nan,
kuma ƙulli ba ya bin kafar allura.

Gado na biyar shi ma Rennie ne, Fraser.
Ba su haɗa kaka ba, suna kawai ya gama su.
Takardarsa ta hau kan ta Fergus
lokacin da nake laluben makulli.
Na zuba ƙwaya biyu, ruwan ɗorawa,
na miƙa kofi da murmushina.

Fergus ya leƙa ciki, ya daɗe,
irin kallon da yake wa sama kafin ya saki igiya.
"'Yata, shekara tara ina shan fara, rabinta.
Yau wa ya rina ta, har ta haihu?"

Cikina ya ɗuri ruwa.
Na juya awarwaron roba na wuyan hannunsa,
na karanta ranar haihuwa sau biyu,
na karɓe kofin da hannu mai rawa.
Tsakanin leɓensa da ƙwayar nan
bai kai taƙi guda ba.

Takardar rahoto ta tambaye ni: Me ya jawo?
Gurbin amsa bai fi faɗin ɗan yatsa ba.
Na rubuta makulli, waya, uwar wata.
Ba mugu ko ɗaya a cikinsu.
Abin da ya fi ci mini rai ke nan,
ba wanda zan nuna da yatsa.

Washegari na ɗaure fuska tamau.
Na rantse ko rufi ne ya faɗo, ba zan waiga ba.
Ina tsakar auna insulin
sai Halina mai goge daɓe ta tsaya a gefena,
sandar gugarta na ɗigar ruwa.
"Jira" ta riga ta hau harshena.
Ta ce, "Tsohuwar gado na tara,
numfashinta ba irin na ɗazu ba ne."
Na yar da komai na ruga.
Tsohuwar na nan har yau, tana ƙorafin shayi ya huce.

To, wace murya zan toshe wa kunne?
Jar riga ba ta san bambanci ba.

Abin da na koya kaɗan ne:
in aka katse ni, ba na ɗorawa.
Sai in juye kofi, in koma farko,
suna, ranar haihuwa, ƙwaya, adadi,
ko da layi zai kai bakin teku.

Fergus kuwa ya ba kansa aiki.
Da ya ji kukan tayar kekena
sai ya ɗaga yatsa ya ɗora a leɓe,
ya bi ɗakin da harara, har likita.
Ranar Alhamis za a sallame shi.
Ban san wa zai riƙe mini shirun ba.